Shekarar da Karnukan Greensboro Suka Ƙi Girma

In dai idon awo ne, ni Isuhu ɗan Maradi ban ga na biyuna ba a garin Greensboro. Tun ina yaro nake bin mahaifina kasuwar dabbobi, in hangi rago daga bakin ƙofa in faɗi nauyinsa, a ɗora shi a sikeli, sikelin ya ba ni haƙuri. Da wannan idon na shigo Amurka, kuma shi ne ya kusa raba ni da abincina washegarin Kirsimetin 2004, ranar da ko na so in manta, matata, Maman Nafisa, ba za ta bari ba.

Ku da kuka fara aikin kanti kwanan nan, bari in fara da yadda tsarin yake. A watan Nuwamba na shekarar aka ɗauke ni a wani ƙaton kantin kayan dabbobin gida da ke titin Wendover. Ba raguna ba, ba awaki ba. Karnuka, kyanwoyi, tsuntsaye, da kifin da ba a ci. Ma'aikata kashi biyu ne. Akwai cikakku, masu koriyar riga da inshorar asibiti. Akwai mu 'yan wucin gadi, da ake ɗiba saboda cunkoson biki, a sallame mu a Janairu. Manajarmu, Madam Brenda, mace mai gilashi a kan hanci, ta gaya mana tun ranar farko cewa mutum ɗaya za ta riƙe a cikinmu. A lokacin matata tana ɗauke da cikin Nafisa, kuma duk wanda ya taɓa leƙa asibitin ƙasar nan ba inshora ya san dalilin da ya sa koriyar rigar nan ta hana ni sukuni.

A sito aka fara sa ni, ina ɗaukar buhunan abincin kare. Bakina ne ya fito da ni. Madam Brenda ta ji ina hira da wani da ya shigo tambayar banɗaki, ya fita da kejin aku alhali ba shi da aku. Washegari ta mai da ni layin kyaututtukan biki.

Jama'a, wannan layin sai wanda ya gani. Akwai safar da ake ratayewa a bango, cike da ƙasusuwan roba masu kuka in an taune su. Akwai ɓeran auduga na kyanwa, da jar hula mai tuntu, da gadaje masu laushin da ban taɓa kwanciya a irinsu ba. Sai rigunan sanyi na karnuka, saƙaƙƙu, da zanen barewa a baya. A garinmu babbar sallar kare ita ce ya tsinci ƙashin ragon layya ba a jefe shi da dutse ba. Da na gaya wa yayana a waya, ina dariya, cewa rigar sanyi nake sayar wa karnuka, sai ya tambaya ko ina samun isasshen barci.

Rigar tana da ƙa'ida. Ana auna kare daga gindin wuya zuwa gindin wutsiya, a zagaya ƙirjinsa, sannan a duba ko ƙarama ce tasa, ko matsakaiciya, ko babba. Madam Brenda ta nuna mini, ta miƙo mini sabon tef na awo. Na karɓa da hannu biyu, na jefa aljihu, can ya yi Kirsimetinsa. Dalilina biyu ne. Karnukan nan da harshe suke gaisuwa, ni kuwa da kayan jikina nake salla a bayan sito. Na biyu, mutumin da sikeli ke ba shi haƙuri, tef ne zai koya masa aiki?

Idon kuwa bai ci amanata ba. Abin da ya kayar da ni tarbiyya ce. Duk wanda aka taɓa ɗinka wa kayan salla a gidanmu ya san maganar da uba ke yi wa tela: a sake masa, yaro ne, zai girma. Rigar sallata ta farko ita ta riƙa share wa unguwarmu titi. Sai da ta ga salloli kafin ta hau idon sawuna, tana yi mini daidai aka ba ƙanena. A wurinmu mai yanka wa yaro riga cif-cif mutum ne marar hangen gaba. Saboda haka in idona ya ce ƙarama, sai hannuna ya ɗauko matsakaiciya. In ya ce matsakaiciya, in miƙa babba. In kastoma ya yi jim, sai in ce ya kwantar da hankalinsa, zai girma a ciki. Su yi dariya, su ɗauka. Kyanwoyi ma ban rage musu ba: 'yar mitsitsiyar kyanwa sai in zaɓa mata gadon da zai ɗauki ɗan maraƙi. Ciniki ya yi ciniki. Kullum in koma gida in gaya wa Maman Nafisa ta fara neman inda za ta rataye koriyar riga.

Ana saura kwanaki kaɗan biki wata tsohuwa ta shigo, Madam Lucille, daga garin Pleasant Garden da ke kusa da mu. Tana rungume da wani ɗan kare da bai fi butar shayi ba, bakinsa duk furfura, sunansa Biskit. Ta ɗauko ƙaramar jar riga tana gwada masa. Na karɓe ta cikin ladabi, na miƙa mata wadda ta fi.

Na ce, "Mama, kar ki yi masa ƙwauro. Zai girma a ciki. Baɗi ma ya saka, baɗin baɗaɗa ma ya saka."

Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi dariya irin ta sauran ba, ba ta kuma yi musu ba. Ta ɗauki babbar ta wuce. Na ce a raina, wata ma ta shiga hannu.

Sai washegarin Kirsimeti. A nan akwai al'adar da ban sani ba a lokacin: in an ba mutum kyauta ba ta yi masa ba, sai ya kama rasit ya mai da ita kanti, ba kunya ba nauyi. A garinmu ka mai da kyauta, sai dattawa sun zauna. Ina shigowa da safe na tarar da layi daga teburin mai da kaya har wajen tankunan kifi. Wani kare na taka hannun rigarsa yana tangaɗi kamar wanda ya sauko daga lilo. Wata mata ta ce nata ya shiga ta wuya ya fito ta hannu. Wani mutum na riƙe da abin da na ɗauka jaka ce, sai jakar ta yi haushi. Mai gadon ɗan maraƙi kuwa ya ce kyanwarsa ta shinshina gadon, ta koma cikin kwalin da aka kawo shi ta kwanta. Duk wanda aka tambaya wa ya zaɓa masa, amsa ɗaya ce: dogon nan mai dariya.

Madam Brenda ta kira ni ofis, ta tambayi tef. Na fito da shi, ko robar da aka ɗaure shi da ita ban cire ba. Na yi mata bayanin tela da kayan salla tun daga tushe, har da ƙanena. Ta cire gilashi ta dafe goshi.

Ta ce, "Isuhu, waɗannan karnukan sun gama girma tun kafin ka samu biza. Wasunsu kakanni ne."

Abin haushin, na san haka. Ko rago in ya kai, ya kai. Ban dai taɓa tsayawa na yi tunanin ba, hannuna ne ke aikin da ya ga ana yi a gida. Ta ce in je in auna su ɗaya bayan ɗaya, maganar Janairu kuwa ma yi ta daga baya. Yadda ta faɗi "daga baya" ɗin, na ji koriyar riga ta kama hanya.

Na durƙusa na fara awo. Ranar an lashe ni a kunne, a gemu, har a ƙeya. Kafin azahar sai da na aro riga a sito. Ina cikin wannan hali na hango Madam Lucille, Biskit na sanye da jar rigar, an nannaɗe hannayen an kafe da fil. Na ce shi ke nan, ga wadda za ta ƙarasa ni, ga kuma Madam Brenda tsaye a gefe. Na nufe ta da tef ina ba da haƙuri, na ce yanzu zan canja mata da daidai shi.

Ta dafe rigar ta ce ba canji ta zo yi ba. Ta juya wajen Madam Brenda ta gaya mata cewa Biskit shekararsa goma sha huɗu, shi kaɗai ya rage mata a gida tun rasuwar mijinta, kuma likitan dabbobi ya ce zuciyarsa ta gaji, kar ta sa rai da nisa. Tun daga nan kowa da ƙaramar murya yake maganarsa, har 'ya'yanta.

Ta nuna ni ta ce, "Wannan mutumin ne kaɗai ya yi mini maganar baɗi. Na zo ya zaɓa masa koriya, irin girman wannan."

Na mai da tef ɗin aljihu. Na ɗauko mata koriyar, na ce Allah ya kai mu, da Hausa, ta gyaɗa kai kamar ta ji. Madam Brenda kuwa ta juya tana gyara ƙasusuwan robar da ke jere lafiya lau.

A makon farko na Janairu ta sake kirana ofis. Ta ce ba ta taɓa ganin ma'aikacin da ya jawo mata mai da kaya irina ba, ba ta kuma taɓa ganin wanda mutane suka dawo da kaya suka fita da wasu suna dariya ba. Sharaɗinta ɗaya ne: tef ya bar aljihu ya koma wuya. Sannan ta turo mini leda. Na buɗe, koriyar riga ce, amma da na warware ta sai na ga in an kafa mata sanduna za a iya ɗaurin aure a ƙarƙashinta. Ta kalle ni ta saman gilashi ta ce zan girma a ciki.

A cikin wannan rumfar na je asibiti ranar da aka haifi Nafisa. Biskit kuwa ya ga wata Kirsimetin, a cikin koriyar rigarsa, bai ƙaru ko da faɗin yatsa ba.

Abin da na ɗauka daga nan, ku ma ku riƙe. Komai kyan idonka, auna. Kuma in mutum ya shigo yana zaɓa wa karensa ko kyanwarsa kyautar biki, kar ka yi masa dariyar da na yi a waya da yayana. Wani a duk gidansa wannan dabbar ce kaɗai ke tashi in ya buɗe ƙofa.

Kwanakin baya Maman Nafisa tana kwashe kaya ta ci karo da tsohuwar rigar. Na karɓa na ce bari in nuna wa yara yadda na yi iyo a cikinta. Na zura kai, na zura hannu, tana isowa ciki ta tsaya cak. Na ja numfashi na riƙe, ta ƙi sauka. Maman Nafisa ta gama kallona tsaf, ta ci gaba da ninke kayanta.

Ta ce, "Duk karnukan garin nan ba wanda ya girma a rigarsa. Kai kaɗai ka ji magana."