Kofi da awarwaro a gaban surukina

Jiya na je Sandamu gaida mahaifin yarinyar da nake nema. Muna shan shayi ya tambayi me nake karantawa.

Maimakon in ce lissafi in yi shiru, sai na ɗaga kofina.

"Baba, a fanninmu kofi mai mariƙi da awarwaro abu ɗaya ne, tunda kowanne huji ɗaya gare shi. Da ɗanyen yumɓu ne, sai in mulmula wannan ya koma wancan, ba yankawa ba liƙi."

Ya dube ni ya ce:

"To, kofuna za ka zuba mata a lefe ke nan?"

Yau aka aiko gidanmu a Daura cewa an ɗage sa rana.

Jama'a, in koma da ƙarin bayani ko da awarwaro?