Shekarar da Golanmu Ya Tafi Kuza

Ranar wata Juma'a ce da hantsi, a kakar shekarar da nake aji uku a makarantar elementare ta Bebeji, wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da hamsin. Mun baje tabarmi a gindin durumin ƙofar gidanmu muna tsinkar gyaɗa, ni da ƙannena biyu da Baba, sai ga wani baƙo ya yi sallama. Yana sanye da gajeren wando na kaki da farar riga mai aljihu biyu, ga alƙalami a maƙale. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce sunansa Malam Audu, akawu ne a sansanin haƙar kuza da ke cikin duwatsun bayan Doguwa, kuma a kan yayana Haladu ya zo. Baba ya yi maza ya ajiye damin gyaɗar da ke hannunsa, don a lokacin mai gajeren wando ba ya zuwa ƙofar talaka da alheri. Ya ce, "Me yaron ya yi?" Baƙon ya yi murmushi ya ce, "Bai yi komai ba, Baba. Ƙwallo yake kamawa."

Yaya Haladu shi ne babba a ɗakinmu, ya ba ni shekara tara. Dogo ne siriri mai manyan tafukan hannu, ba ya son surutu, kuma shi ne golan ƙungiyar ƙwallon garinmu. Ƙungiyar ba wata babba ba ce: malaman makaranta biyu, da ɗan dakon tasha, da wasu teloli, sauran duk manoma. Fili kuwa shi ne na bayan makaranta, wanda mu 'yan makaranta muke cire wa ƙaya da tsidau duk ranar Alhamis, mu zuba toka a kan iyakokinsa. Gwangwala biyu aka kafa a kowane gefe, aka ɗaura igiya a sama, babu raga. Mu yara ƙwallonmu ta tsumma ce, wani lokaci mu samu mafitsarar sa a wajen mahauta mu hura ta, mu yi ta bugu har ta fashe. Duk yamma idan na dawo da awaki daga kiwo na ɗaure su a turke, Yaya kan tsaya a tsakanin rumbunanmu biyu ya ce in bugo masa. Na fi shekara ina bugawa, ban tuna ranar da na wuce shi ba, sai ranar da Inna ta kira shi ya waiwaya.

Uban ƙungiyar shi ne Alhaji Ɗanjummai mai sikelin gyaɗa. Shi ya sayo ƙwallon fata daga Kano, shi yake sayen bulada, robar cikinta, idan ta huje, shi yake biyan kuɗin mota idan za a je wasa Kiru ko Tudun Wada. A wani wasa da aka yi a Tudun Wada bayan ƙaramar salla ne Malam Audu ya ga Yaya, ya riƙe shi a zuciya. To amma shekarar nan gyaɗa ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, wadda aka samu ma ƙwayarta ƙanana, ga kuɗinta ya faɗi a sikeli. Gonar da muka saba cika buhuna da ita, a shekarar jaki ɗaya ya kwaso ta a sahu biyu. Mata suka rage mai a miya, aka ɗage bukukuwa, samari suka fara ɗaure kaya suna tafiya cin rani tun ba a gama girbin dawa ba. Alhaji kansa ya sayar da dokinsa. Ƙwallon ƙungiya kuwa ta sha ɗinki wajen baduku har ta zama kamar kabewa, idan aka buga ta gabas sai ta nufi kudu, kuma babu mai halin sayen wata.

Abin da Malam Audu ya zo da shi ke nan: za a ba Yaya aikin gadin sito a sansanin, da albashi duk wata da ɗakin kwana, shi kuma ya tsare wa ƙungiyar ma'aikata gida. Ƙungiyarmu za a ba ta sabuwar ƙwallo da riguna goma sha ɗaya, sannan za su zo da motarsu su buga da mu a Bebeji. Baba ya ce a ba shi mako guda.

Kafin a sauko daga masallacin Juma'a labari ya gama gari. Majalisar masu son ƙwallo tana rumfar Malam Tanko tela, a bakin kasuwa. Malam Tanko bai taɓa buga ƙwallo ba, ƙafarsa ɗaya ta shanye tun yana yaro, amma babu wasan da bai je ba, kuma shi ya ɗinka wa ƙungiya tuta da kuɗinsa. A makon nan keken ɗinkinsa bai yi aikin kirki ba. Da ya taka sau biyu sai ya tsaya ya ɗaga almakashi yana cewa, "Gida bai ƙoshi ba za a kai wa dawa? An sayar mana da gola a kan ƙwallo ɗaya da riguna!" Ɗanlami mahauci, wanda rumfarsa ke kallon ta Malam Tanko, shi ne a ɗaya ɓangaren. Yakan amsa daga inda yake, wuƙa a hannu, "Ƙwallo ba ta cika rumbu, Tanko. Ka bar yaro ya je ya ci arzikinsa." Wasu suka ce a nemi ƙwallo biyu da usur, don Haladu ya fi ƙarfin ɗaya. Wasu suka ce a yi karo-karo, kowa ya kawo sisi, a sayi ƙwallon a hana shi tafiya. Aka ajiye ƙwarya a rumfar, ta kwana uku, abin da aka samu bai kai kuɗin bulada ba. Wasu suka koma zargin Alhaji, wai ya ci riba a kan gyaɗar mutane shekara da shekaru, yanzu ya janye hannu. Da maganar ta kai kunnensa, ya zo rumfar da kansa, ya zauna a kan benci ya ce, "Da ina da shi, wallahi da ba a kai ga haka ba." A nan zargin ya tsaya, don kowa ya ga a ƙafa ya zo.

Duk wannan gardama, babu wanda ya tambayi Yaya abin da yake so. Ni na tambaye shi, muna ɗaure harawa a gona. Ya ce ba ya son tafiya, amma lokacin haraji ya zo, kuma ya leƙa rumbu ya ga hatsinmu ba zai kai mu damina ba. Ranar da mako ya cika Baba ya kira shi zaure ya ce, "Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Je ka, Allah ya tsare. Kada ka bar salla." Inna ta yi masa ƙuli-ƙuli da dakuwa ta ƙulle a tsumma. Na raka shi tasha ɗauke da akwatinsa na katako, na tsaya har motar ta sha kwana.

Bayan tafiyarsa aikinsa ya dawo kaina. Ni ke ɗebo ruwa a rijiya kafin in tafi makarantar allo, ni ke kai taki gona a kan jaki bayan an tashi daga boko. Wannan bai dame ni ba kamar tsokanar yara, waɗanda suka sa mini suna ƙanin wanda aka sayar. Na yi faɗa a kan haka har sau uku, na sha bulalar hedimasta sau biyu. Sabuwar ƙwallon ta iso, jawur tana ƙamshin fata, rigunan kuma shuɗɗa, amma wanda aka sa a gida a madadin Yaya sai da Kiru ta zura masa huɗu. A ƙarshen kowane wata direban wata mota yakan kawo wa Baba saƙo a ɗaure cikin takarda. Da shi aka biya haraji, da shi aka auno dawa lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Da bazara mutanen sansanin kuza suka cika alkawari. Motarsu ta iso da azahar, kuma duk garin ya fito, har matan da ba sa zuwa kallo sun leƙo ta kan danga. Yaya ya fito cikin baƙar riga, ya yi ƙiba kaɗan, ya tsaya yana tsare wa baƙi gida. Ni ina tsugune a gefen Malam Tanko, na rasa wa zan goya wa baya. Baƙin suka ci mu ɗaya tun kafin hutu. Ana dab da tashi aka kayar da ɗan wasanmu a gaban gidansu, alƙali ya ba da fanareti. Malam Isa, malaminmu na lissafi, shi ya ajiye ƙwallon. Ya buga ta ƙasa-ƙasa ta hagu, Yaya ya miƙe kamar an jefa gora, ya cafke ta a ƙirjinsa. Ban san lokacin da na yi tsalle na kurma ihu ba, ni kaɗai a cikin duk mutanen Bebeji. Da na farga kowa yana kallona, sai kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai ina jiran rankwashi. Sai na ji Malam Tanko ya dogara sandarsa ya miƙe, yana tafi da ƙarfi yana cewa, "Namu ne ai! A filin nan ya koya!" Daga nan tafi ya kama ko'ina. An ci mu a gida, amma a kafaɗa aka ɗauki Yaya har ƙofar gidanmu.

Bai cika shekara biyu a can ba. Kuza ita ma kasuwarta ta faɗi, aka rage ma'aikata, ƙungiyarsu ta watse. Ya dawo da farkon damina da akwatinsa da tsohon keke da turmin atamfa na Inna, washegari ya ɗauki fartanya ya bi Baba gona kamar jiya ya bari. Ranar da ya koma tsakanin gwangwalayen bayan makaranta, Malam Tanko ya leƙa rumfar Ɗanlami ya ce, "Ka ga ciniki ko? Mun sayar da tsada, mun sayo a kyauta."

Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, har Yaya Haladu, wanda ya mutu manomi mai jikoki. An gina ajujuwa a rabin filin, sauran rabin 'yan acaba ne ke yanke hanya ta ciki. Idan na wuce gidajen kallon ƙwallo da ke bakin titi, nakan ji samari suna ɗaga murya a kan wane kulob ya sayi wane ɗan wasa a Turai, da miliyoyin da aka biya, da kulob ɗin da bashi ya yi wa katutu, alhali wasunsu kuɗin shiga ma da ƙyar suka haɗa. Ba na ganin laifinsu, zafin gardamar iri ɗaya ne da namu. Bambancin kawai, su ba su taɓa gaisawa da waɗanda suke faɗa a kansu ba. Mu wanda muka yi faɗa a kansa, akushi ɗaya muke ci da shi.