Nakiyar da aka kai garinmu

Garinmu ba wani gari ba ne, gidaje ne kawai suka jingina da dutse ta gabas, har rana sai ta makara take leƙo mu. Kakanninmu a samansa suka zauna zamanin hare-hare, da aka samu lafiya suka sauko gindinsa suka kama sassaƙa dutsen niƙa. A jibga itace a kan fa, a cinna wuta, in ya yi zafi a kwara ruwa ya tsage. Sana'ar ke nan tun daga lokacin.

Ni aure ya kawo ni Fagge, a nan Kano. A shekarun da kuɗin mai ya haukata kowa, ko'ina titi, ko'ina bene, Inna mahaifiyata ta zo wurina neman maganin ido. Magani ya ja ta wata da watanni. Makullin ɗakinta na ɗaure a bakin zane, kullum zancenta ke nan, yaushe za a mai da ta.

Maigidana yana da aboki direban tifa, Ibo ne mazaunin Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ranar da ya zo gaishe da Inna, ya ce ai daga garinmu yake ɗauko tsakuwa. Inna ta gyara zama ta tambaye shi mutanen gida. Ya ce suna nan, sai dai nakiya safe da yamma, gari duk ya girgiza.

Inna ta yi dariya har da tafi. "Wa ke aurar da 'ya haka ba a aiko mini ba?"

Direba ya dubi maigida, maigida ya dubi ƙasa. Ni kuwa, wallahi, nakiyar shinkafa da zuma kaɗai na sani, ta gara. Har na taya ta lalubo 'yan matan unguwa da suka isa aure. Ta matsa sai da na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo mata kwanon samira na gudummawa, muka hau mota.

Tun daga nesa na ga dutsen ya zama kamar an gatsa an ajiye. An kwashe mutane an zube su bakin titi cikin rumfunan kwano. Inna ba ta tsaya ba, ta bi hanyar da ƙafarta ta sani, sai ga shingen waya da maigadin kamfanin fasa dutse. Ya ce ina za ta, ta ce ɗakinta. Ya tambaye ta ta wajen ina yake, ta kwatanta masa, kusa da rijiya.

"Inna, ai can ne tifa ke juyawa."

Muna tsaye aka busa usur, ƙasa ta motsa a ƙarƙashinmu, tsakuwa ta zubo kamar ƙanƙara. Ba wanda ya yi mata bayani, ba ta kuma nema ba.

Yamma ta yi mana a motar komawa Kano. Na gyara mata ɗakin da ke kusa da madafa, ta ce a bari kawai, ai ba daɗewa za ta yi ba. Shekaru ta yi a cikinsa. A nan Kano aka binne ta, cikin mutanen da ba ta san ko ɗaya ba.