Kurungun da Ke Iyo a Rigingine

Ranar wata Asabar ce, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na dawo daga ɗebo ruwa da bokiti a ka, na tarar da Iya, kakata ta wajen uba, tsugune a gaban akwatin gilashin da nake kiwon kifi a ciki. Ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa, ta tsoma ludayin da take dama fura da shi cikin ruwan, tana bin kifina lungu-lungu. Ruwan da na bari garai-garai ya koma kamar na kududdufi, yashin ƙasa ya tashi, kainuwar da na jera a sama ta tattaru a gefe guda. Na dire bokitin da sauri har rabinsa ya zube a zanina, na ce, "Iya, me kike yi haka?" Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Juya shi nake yi, Dijangala. Tun safe yake kwance a rigingine, ke kuma kina can kina yawo." Yawon nan da take faɗa, ita ce fa da bakinta ta aike ni rijiya.

Akwatin nan Baffa Iliya ne ya haɗa mini shi, ƙanin Babanmu da ke aikin yanka gilashin tagogi a Kano. Da ragowar gilashi ya yi shi, ya manne gefe-gefen da gam, ya kawo shi ƙauyenmu da ke kusa da Tiga a nannaɗe cikin tsohon bargo. Shi ya nuna mini yadda ake wanke yashin rafi har ruwansa ya daina fitowa ja, a shimfiɗa shi a ƙasa, a dasa ciyawar ruwa a danne saiwarta da tsakuwa, a kifa tsingaro ya zama ɗakin ɓuya, sannan a saki kainuwa a sama saiwoyinta su sauko kamar gemu. Ya ce ciyawar nan ita ce ran akwatin, kada a taɓa ta. Sai aka shiga neman inda za a ajiye shi. Tsakar gida rana, kusa da madafa hayaƙi, zaure kuma awaki na shiga. Wuri ɗaya ne mai inuwa da tsohon tebur, wato ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakin Iya. Da na san abin da zai biyo baya, da gara na bar shi a wurin awakin.

Kifayen kuwa daga wurin Malam Ɗanjuma suka fito, wani masunci abokin Baba, wanda yakan biyo ta gonarmu ta noman rani ya karɓi tumatir ya bar mana kifi. Ya ba ni 'yan ƙananan karfasa, sannan ya ƙara mini da ɗan kurungu wanda bai wuce tsawon yatsa ba, mai dogayen gashin baki da baƙin ciki. Ba ɓacin rai nake nufi ba, cikin nasa ne baƙi wuluk. Malam Ɗanjuma ya ja mini kunne ya ce, "Wannan irin a rigingine yake iyo, haka Allah ya yi shi. In kin gan shi ciki a sama kada ki tsorata, abincinsa yake tsinta a ƙarƙashin ganye." Haka kuwa aka yi. Da ruwa ya lafa sai ya fito daga cikin tsingaro, ya mirgina abinsa, ya riƙa bin ƙarƙashin kainuwa yana lalube da gashin bakinsa cikin kwanciyar hankali. Ƙawayena na makaranta suka sa masa suna Ɗan Hutu. A lokacin hutun tara a makaranta, maimakon carafke da 'yar gala-gala, sai mu zagaya bayan ajujuwa mu fasa shurin gara mu cika gwangwanin tumatir, in an tashi mu yo gidanmu a guje mu zuba masa, mu jeru muna kallo har sai an leƙo ana kiran kowacce da sunanta.

Kowa a gidan ya karɓi bayanin Malam Ɗanjuma ban da Iya. Ita dai ta ƙi, kuma tana da hujjarta. Duk unguwarmu ita ake kira in kaza ta fara gyangyaɗi ko akuya ta kumbura, ta zo da jar kanwa da sassaƙen maɗaci, kuma sau da yawa dabbar takan tashi. A iya saninta, duk mai rai da ya miƙa ciki sama to ya kama hanya. Takan ce, "Na ga kaza a haka, na ga tunkiya a haka, har kyankyaso na gani a haka, ba wanda ya kwana." Na yi bayani har bakina ya gaji. Na ce ta duba yadda yake cin gara, ta ce ai marar lafiya ma yana shan kunu. Na ce masunci ne ya faɗa, ta ce masunci kamawa ya sani, ba jinya ba. Wata rana takaici ya ishe ni na ce, "Iya, ba ke ce kike tashinmu da mafici in kin ga mun kwanta rub-da-ciki ba? To ga wanda ya ji maganarki." Ummata da ke surfe ta saki taɓarya tana dariya har da riƙe ciki. Iya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce bokon nan ba abin da ya ƙara mini sai tsawon harshe. Na kai ƙara wurin Baba, shi kuma ya sosa ƙeya ya ce, "Ki yi haƙuri da ita, uwata ce." Kamar dai ni ban san uwarsa ba ce.

Juyawa da ludayi kuwa ƙaramin laifi ne a cikin laifuffukanta. Iya mace ce mai tsabta har ta fitar hankali, wadda ke wanke randarta da toka tun ba ta yi datti ba. Gansakukar da takan ɗan kama jikin gilashi, wadda kifayen ke lasa, a wurinta ƙazanta ce tsagwaronta, sai ta sa soso ta goge. Ciyawar da na sha wahalar tsugunawa a bakin magudanar ruwan gonaki na tono da saiwarta, sai na dawo na tarar ta tuge ta ta watsa wa awaki, wai ta yi wa kifin shara don ya samu wurin miƙewa. Ga kuma ciyarwa. Ba ta yarda a ce ga mai rai a ƙofar ɗakinta yana cin gara alhali an sauke tukunya ba, don haka takan gutsura masa tuwon masara, wani lokaci har da ɗan ɗigon miyar kuka, ruwan ya wayi gari fari fat yana tsami. Ni ce mai kwasar rabin ruwan da kofi, ni ce mai tafiya magudana in ɗebo sabo, ni ce mai sake dasa ciyawa, duk bayan na gama tsintar shinkafa da wanke-wanke. Na rufe akwatin da faifai na ɗora dutse, ta ɗauke ta ce zan toshe masa numfashi. Na ɓoye ludayin a cikin buhun gero, ta ɗauko na miya. A aji malam na rubutu a allo, ni kuwa hankalina na ƙarƙashin rumfa, ina ƙiyasta abin da tsohuwar nan take aikatawa a daidai wannan lokacin.

Abin da nake tsoro ya faru ne bayan an fara karyar masara. Na dawo daga makaranta da gwangwanina na gara, tun daga zaure na ji muryar Iya tana yi wa maƙwabciyarmu bayani cikin jin daɗi. Da ta hango ni ta yafito ni da hannu ta ce, "Zo ki gani, Dijangala, mai gardama. Ya warke." Ruwan akwatin ya yi ja kamar shayi, ga guntayen sassaƙen maɗaci na yawo a sama, ga ragowar jar kanwa ba ta gama narkewa ba a kan yashi. Ganyen kainuwa ya yi laushi ya sunkuya. Ɗan Hutu kuwa yana ƙasa, kwance a kan cikinsa kamar kowane kifi, bayansa a sama, gashin bakinsa a zube, yana buɗe baki da ƙyar. Tun da na san shi ban taɓa ganinsa a haka da rana tsaka ba. Iya ta ce, "Kin ga ya miƙe daidai? Tun farko abin da yake nema ke nan." Ban ko cire rigar makaranta ba na tsamo shi da ƙwarya na sa a ruwan randa, na suri bokiti na yi magudana a guje ina kuka, ina tuntuɓe da kunyoyin gona. Kafin a kira la'asar ya daina motsi. 'Yan karfasar nan masu taurin rai kuwa suka rayu, abin da ya ba Iya sabuwar hujja. Ta ce, "Ga su nan, magani ɗaya suka sha. Shi dai dama ciwon ya riga ya ci shi."

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nata a kwanakin nan ba. Na binne shi a gindin zogale, na daina zama a tabarmarta, in ta miƙo mini furarta mai nonon Fulani, wadda a da nake lashe ƙwaryar, sai in ce na ƙoshi. Gaisuwa kawai nake yi mata, ita ma don Umma na kallona ne. Iya kuwa na lura ta daina kallon wajen teburin. Ran kasuwa da hantsi sai ga ta ta yafa mayafi, ta ɗauki langarta mai murfi da sandarta, ta ce, "Tashi ki kai ni wurin masuncin naki." Muka bi ta gefen gonakin shinkafa har bakin dam ɗin Tiga, tana tafe tana hutawa. Muka sami Malam Ɗanjuma yana gyaran koma. Ya russuna ya gaishe ta, ya tambayi gida da jiki, sannan ya jawo wani baho da ya zuba ƙananan kifayen da ya kamo da ransu. A ciki akwai kurungu da yawa, kuma kowannensu ciki a sama, suna zagaya bahon cikin ƙoshin lafiya. Iya ta dafa sanda ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ni kuwa na harɗe hannu ina jira, na ce a raina yau dai za ta faɗa da bakinta. Da ta ɗago sai ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki. Ashe duk zuri'ar tasu ba lafiya."

Amma ta buɗe langar ta sa aka zuba mata guda biyu, kuma ita ta riƙo su har gida, ba ta yarda na karɓa ba, wai ni gaggawa gare ni zan girgiza su. A hanya ta tsaya a bakin magudana ta nuna mini ciyawa da sandarta ta ce in tono, tunda na ce suna so. Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban sake tayar da zancen ba. Kanwa da maɗaci dai ba su ƙara kusantar akwatin ba, tuwo ma ta daina. Ludayin ne kawai ta ƙi bari. Kowace safiya bayan ta shafa addu'a sai ta tsoma shi a hankali ta juya su ɗaya bayan ɗaya, su kuma su mirgina su koma yadda suke tun ba ta tsame hannu ba, ta ce, "Masu taurin kai, irin uwar ɗakinsu." Haka muka zauna, ina mita tana juyawa, har suka yi wa akwatin girma Baba ya mayar da su dam.

Yanzu ina zaune a Kano, kuma ina da akwatin da ya ninka wancan, mai fitila a sama da ɗan injin tace ruwa, ciyawarsa kore shar, ba mai tuge ta. Iya ta daɗe da rasuwa, rumfar ma an rushe an yi ɗaki a wurin. Na sa an kawo mini kurungu daga Tiga, suna nan suna bin ƙarƙashin kainuwa a rigingine. Baƙi kan shigo su tsaya a gaban gilashin, kuma kusan kullum sai an sami wadda za ta ce, "Kai, wannan ai ya kusa mutuwa." Ina buɗe baki zan fara bayanin nan da na gaji da yi tun ina aji huɗu, sai in ga ta riga ta koma kan kujera tana latsa wayarta. Ta ga abin da ta ɗauka mutuwa ce, kuma ko a jikinta. A nan ne haushin yakan dawo mini sabo, sai dai yanzu ban san wa nake jin haushi ba. Nakan tsaya in dubi ƙofar madafa, ina jiran wani ya tashi ya ɗauko ludayi.