Shinkafar Kirsimeti a Karantina

A shekarar da Nasara suka fara kewaya wata, muna zaune a Karantina, kudancin Jidda, cikin sandaƙa biyu, wato 'yan ɗakuna na katako da kwano. Ni haihuwar Sudan ce, ina ƙarama iyayena suka ƙetaro da ni. Maigidana dako yake yi a mina, inda jiragen ruwa ke sauke kaya.

Ana tsakiyar azumi ya shigo gida riƙe da wani mutum da zazzaɓi ya kusa gamawa da shi. Ma'aikacin jirgi ne, an sauke shi asibiti, jirgin ya tashi da takardunsa. Da aka sallame shi ya rasa inda zai nufa, sai ya kwanta a bayan rumfar kaya. Nan ya ji maigida na Hausa da wani, ya ɗaga kai ya gaishe shi.

Sai da muka gyara masa sandaƙar waje sannan maigida ya gaya mini cewa Kirista ne, daga wani ƙauye a duwatsun bayan Jos. Akwai Kiristoci a Jidda, amma Turawa ne a gidajen kamfani masu katanga. Baƙin mutum irinmu, ba takarda, a unguwar da da yawa ba su da iƙama, wato izinin zama a ƙasar, wannan magana daban ce. In askarawa suka shigo dominsa, ba a ƙofarmu kaɗai za su tsaya ba.

Ciwon ya rufa mana asiri har Sallah, don ba mai tambayar majinyaci azumi ko masallaci. Bayan Sallah kuwa ya miƙe, har yana fitowa shan iska, mutane suka fara lura ba ya bin maza jam'i.

Wata rana da yamma suna cin abinci, ina bayan labule, na ji yana gaya wa maigida gobe Kirsimeti. Ya ce a garinsu tun da asuba ake yanka akuya, a dafa shinkafa, yara su sa sababbin kaya su bi gida-gida. In an sauko daga coci matasa su kewaya gari da ganga. Kwanon farko kuma ba a ci, maƙwabta Musulmi ake kai wa, kamar yadda su ma ke kawo musu naman layya. Ya ce bai san ko bana za a yi ba, tunda yaƙin basasar ƙasarsu bai ƙare ba, ƙaninsa kuma yana soja.

Maigida ya ce mini zai yanka zakaran da ya rage daga Sallah. Na ce ina tsoro. Ya ce shinkafa ce kawai da kaza, wa zai san dalilinta? Ya yanka bayan asuba ya tafi aiki.

Da hantsi ina soya albasa, sai na ji baƙon ya fara waƙa a ɗakinsa. A hankali yake yi, amma da Hausa, kuma sunan Almasihu na fitowa sarai. Bangon kwano ba ya riƙe magana. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa wadda ɗanta ba shi da iƙama, tana daka a lokacin. Na ji taɓaryar ta tsaya. Na ruga na buga jikin sandaƙar da ludayi, ya yi shiru, amma na riga na ji ƙarar ƙofarta.

Ban san inda ta nufa ba. In wurin umda ta je, wato mai unguwa, to askarawa ne. Na rasa ko in sauke tukunyar in zubar, ko in ce wa mutumin ya gudu, alhali ba shi da wurin zuwa. Duk motar da ta wuce bakin titi sai in leƙa waje. Shi kuma ya zo bayan labule ya ce, "Uwargida, ki gafarce ni. Na manta inda nake." Na koma kan tukunyata, don haushinsa nake ji sosai.

Bayan azahar aka yi sallama. Baffan maigida ne, dattijon da ya zo ƙasar nan a ƙafa tun yana saurayi, wanda duk Hausawan layinmu ke kai wa ƙara. Rediyonsa na rataye a kafaɗa kamar kullum. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi ruwan da na kawo, ya ce a kira baƙon.

Ya tambaye shi garinsu da aikinsa, sannan ya tambaye shi addininsa kai tsaye. Ina addu'a a zuci ya yi ƙarya, amma ya ce, "Baba, ni Kirista ne. Su ba su da laifi, taimakona suka yi."

Baffa ya juyo wajen labule ya ce, "Ke 'yar nan, ke da mijinki kun san gidaje nawa kuka ɗora a kan wuta?" Ya ce tsohuwar kuka ta je masa da shi, kuma da ƙyar ya hana ta wucewa wurin umda. Taimakon majinyaci lada ne, in ji shi, amma ɓoye wa manya irin wannan wauta ce. Kafin Juma'a mutumin ya bar unguwar, magana ta ƙare.

Har ya miƙe, sai ya taɓa rediyon ya ce tun safe ake faɗa wai wasu mutum uku na kewaya wata, suna karanta littafinsu daga can saboda wannan rana. Ya tambayi baƙon, tunda ya ga duniya, ko hakan zai yiwu. Baƙon ya ce shi teku kaɗai ya sani. Baffa ya ce shi dai bai yarda ba, ya sa takalmansa.

Baƙon ya roƙe ni in zuba kwanon farko a kai wa tsohuwar. Na kai da kaina. Ta ce in ajiye a ƙofa, ba ta dube ni ba. Shi kuwa ya ci tasa shinkafar shi kaɗai, ya rage fiye da rabi.

Washegari Baffa ya sa babbar riga ya tafi da shi ofishin wakilin jiragen, inda wani ɗan abokinsa ke aikin shara da shayi. Suka yi ta kai da komo, har aka samo masa takardar fita da gurbi a wani jirgi mai zuwa Bur Sudan. Ya tafi da rigar maigida a jikinsa, ba mu sake jin labarinsa ba. Baffa bai ƙara taka gidanmu ba sai bayan aikin hajji, ranar sunan ɗiyata ta fari.