Layi Shida na Toka

Bayan na ajiye tafiye-tafiye na dawo gida, sai aka sa ni shugabancin kwamitin iyaye na wata firamare ta gwamnati a unguwar Rumde, cikin Jimeta. Jikokina ne a cikinta. An zaɓe ni saboda furfura, da kuma saboda idan taro ya yi zafi ina iya ɗauko magana daga Fulatanci in kai ta Hausa, ko daga Hausa in kai ta Turanci, in rage mata yaji a hanya.

Duk ƙarshen shekarar karatu, cikin damina, sakataren ilimi yakan tara shugabannin makarantu da mu 'yan kwamiti. A fara da labarin shekara: wane ya yi ritaya, wance ta rasu, iska ta yaye kwanon makaranta kaza. Sannan a shiga tsarin baɗi. Na ga irin taron a Garwa, da Faransanci, kowa ya shaƙe wuya da nakatayel. Na gan shi a Hartum, inda shayi ya fi magana yawa. Namu da addu'a biyu ake buɗe shi, ta Musulmi da ta Kirista, a rufe da lemon kwalba mai ɗumi.

Shekarar da mutanen arewacin jiha suka gudo daga rikici, ta Girei suka biyo suka hau gada, wasu a bayan tirela, wasu a ƙafa. A cikinsu akwai wani hedimasta, dogo siriri, daga wani ƙauye a gindin duwatsun kan iyaka. Da ya sami wurin ajiye iyalinsa, sai ya shiga bin sansani-sansani da gidajen da suka sauki baƙi, yana neman ɗalibansa. Ya sami da yawa, bai sami duka ba. Waɗanda bai samu ba, ban taɓa jin ya yi zancensu ba.

Hukuma ta ba shi azuzuwanmu da yamma, bayan yaranmu sun tashi. Mu muna cewa makarantar yamma, shi kuwa bai taɓa kiranta haka ba. Ya rubuta sunan makarantar ƙauyensu a wani guntun katako. Kullum da azahar ya rataye shi a darbejiyar bakin ofis, in an tashi ya sauke ya tafi da shi gida.

"Bappa," ya ce mini, don haka ya ji yaran unguwa suna kirana, "mu ba haya muka zo ba, aro muka yi. Da hanya ta buɗe za mu mayar muku da kujerunku."

Ranar rufe shekararsu ta farko ya gayyace ni. Na tarar ya karɓo toka a wurin mai ƙosan bakin ƙofa, ya ja layi shida a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kowane aji ya tsaya a nasa. Bai kaɗa ƙararrawa ba, don yaransa a lokacin ƙarar ƙarfe na sa su faɗawa ƙarƙashin benci. Tafi ya yi, ya ce, "Aji shida, hanya." Suka nufi ƙofa, ya bi su ya tsaya a bakinta, ya gaisa da kowa hannu da hannu har suka fice. Ya dawo ya ce, "Aji biyar, matsa." Suka koma layin da aka bari. Haka har aji ɗaya suka matsa zuwa na biyu, layin farko ya zama ba kowa. Sai iyaye mata suka fara turo ƙananan da za su fara karatu baɗi, wasu na kuka, wasu ba wando, aka jera su a kan tokar. Mata suka yi guɗa.

Na tambaye shi ina ya samo wannan. Ya ce haka ya tarar tun yana ɗan aji ɗaya. A ƙauyensu ba a tafiya hutu a bar layin farko fayau. Sai an ga waɗanda za su cike shi ido da ido. Na zaga ƙasashe, na ga makarantun da ke rufe shekara da waƙa, da rabon kyauta, da jawabi, amma ban taɓa ganin inda ake nuna wa gari cewa makaranta na da gobe kamar haka ba.

A taron shekara ta biyu aka kawo maganar. Sakatare ya gama labarai, ya gyara tabarau, ya ce daga baɗi makarantun yamma ba za su ɗauki sabon aji ɗaya ba. Duk yaron da ya isa shiga, a kawo shi da safe tare da 'yan gari. Malamai sun yi ƙaranci, kuma bai kamata a raba yara gida biyu har abada ba.

Hedimasta ya miƙe. "Ranka ya daɗe, an rufe mu ke nan?"

"Wa ya yi maganar rufewa, Malam? Azuzuwanka biyar suna nan, ba mai taɓa su."

"Rijiyar da aka toshe idonta, ai ba sai an cike ta da ƙasa ba."

Shugabar makarantarmu, Bafulatana ce 'yar tsohon garin Yola mai son raha, ta so ta sassauta. "Haba Malam, zafin Jimeta da azahar, ko ƙadangare ɗaga ƙafa yake yi. Ka bar mana ƙananan su zo da sanyin safiya, ba cinye su za mu yi ba."

Aka yi dariya, shi ma ya murmusa, amma bai zauna ba.

Na nemi izini na yi magana. Na ce ina Kusiri lokacin da mutanen Injamena suka ƙetaro kogi, na ga abin da ke riƙe ɗan gudun hijira ba buhun hatsi kaɗai ba ne, har da wani abu nasa da yake sa ran mayarwa gida. Na roƙi a ƙara masa shekara guda. Aka saurare ni yadda ake sauraron tsoho, aka ce Allah ya ƙara girma, aka wuce zuwa gyaran makewayi. Ban ga laifin sakatare ba. Hujjarsa mai kyau ce, kuma iyayen ma da suka ji sun fi son safiyar. Na ji wata uwa tana ce wa hedimasta a gindin darbejiya, "Malam, ka yi haƙuri. Wannan a goye na fito da shi. Bai san dutse ba, Jimeta ya sani."

A rufe shekarar nan ya ja layi shida kamar kullum. Aji shida suka fita, saura suka matsa. Da layin farko ya buɗe, matan suka tsaya, kowacce riƙe da hannun ɗanta. Ba wadda ta turo. Ya jira kaɗan, ya kalli layin, sannan ya yi addu'a aka watse.

Daga nan kowace shekara layin da ba kowa sai ya ƙaru da ɗaya. Kuma kowace shekara a taron sakatare, cikin labarai, sai a ambaci malaminsa guda da aka mayar wata makaranta, tunda ajinsa ya ƙare. Ana faɗa ne tsakanin labarin alli da na kwano. Shi kuwa bai rage layi ko ɗaya ba. Mai ƙosan ma ta taɓa tsokanarsa, "Malam, tokata kake ɓarnatarwa, aljanu za ka jera?" Ya ce, "Su ma in sun zo da iyayensu zan ɗauka."

Da hanya ta buɗe, wasu iyalai suka koma, suka tafi da yaransu. Shi ma ya je ya gani. Na same shi bayan ya dawo, a shagon wani mai gyaran keke kusa da kasuwa.

"Yaya gida, Malam?"

"Gida na nan, Bappa."

"Makarantar fa?"

"Bango na nan. Ciyawa ta kai taga." Sannan ya ce, "Waɗanda suka koma tsofaffi ne. Yaran da ke akwai, garin gaba ake kai su. Na tsaya a filin da muke jan layi, wani ya shuka masara a ciki. Ta yi kyau kuwa."

Bai ƙara cewa aro suka yi ba daga ranar. Amma katakon bai fasa ratayewa ba.

Shekarar ƙarshe ajinsa ɗaya ne, shi ne hedimasta shi ne malami. Yaran sun girma, Hausarsu ta kasuwar Jimeta ce, suna gaishe ni da Fulatanci, ƙararrawa ba ta firgita su. Ranar rufewa an yi yayyafi da safe. Na zo da wuri, na tarar yana tsugune yana zuba toka, gwiwa na damunsa. Na ce ya kawo in taya shi. Ya ba ni kwanon, na ja layi biyu, suka fito a karkace. Bai gyara ba.

Mutane kaɗan ne suka zo: iyayen yaran, da shugabar makarantarmu wadda ta tsaya can gefe da mayafi a baki, da mai ƙosai. Yaran suka tsaya a layi na shida, biyar ɗin kuwa fayau. Ya yi tafi.

"Aji shida, hanya."

Ya bi su zuwa ƙofa, ya gaisa da kowa, yana kiran sunan uban kowane yaro da unguwarsu a ƙauye, unguwannin da yawancinsu ba su iya tunawa. Da na ƙarshe ya fita, sai ya juyo kamar yadda ya saba, ya taka ya dawo tsakiyar fili, ya ɗaga hannu zai yi tafi. Hannuwan suka tsaya a sama. Ba aji biyar da zai ce wa matsa.

Ya sauke su a hankali. Ya je gindin darbejiya ya ciro katakon, ya goge shi da hannun riga, ya saƙala a hammata.

Shugabar makarantarmu ta matso. "Malam, ka bar shi a nan mana. Ƙusar ai taka ce."

"Na gode, Hajiya," ya ce. "Ba sunan nan ba ne."

Muka fita tare, ni da shi. A bakin ƙofa na miƙa masa hannu, tunda ba wanda ya rage da zai gaisa da shi. Ya riƙe hannuna ya daɗe. Kafin mu kai bakin titi ruwa ya sauko.