Tantabarar da ka hana ni gyarawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, matarka ta kira ni ta ce Allah ya yi maka rasuwa. Saura kwana shida a yanke hukunci a shari'armu, Barista. Na ji haushinka, na kuma nemi gafarar Allah.

Shekara huɗu ke nan da na faɗo ofishinka ba sallama, na dire maka sabulu biyu a kan tebur: nawa, da na wani kamfani da ya kwashe tambarina ya ce shi ya fara. Na yi ta zage-zage. Da na gaji ka miƙo min ruwa, ka ce, "Ashana, zauna. Wa ya zana tsuntsuwar nan?" Sunan ya bi ni har gida.

Marigayiya mahaifiyata ce ta zana tantabarar a bayan wata tsohuwar kalanda, fiffike ɗaya ya fi ɗaya gajarta. Sau uku ina cewa zan sa a daidaita shi, sau uku kana hana ni. Ashe ɓarayin, don tsabar lalaci, har gajeren fiffiken suka kwafa. Ranar da ka tambayi mai zanensu a kotu dalilin da ya sa ya gajarta shi, sai ya kama kallon silin.

Lauyoyi da yawa suna ganin aikin tambari ƙaramin aiki ne. Kai kuwa ka cika kanta guda da jabun kaya, man shafawa, littattafai, batir, kowanne ka shiga kasuwa da ƙafarka ka sayo, ka liƙa masa kwanan wata. Kakan ce mai ƙaramar sana'a ba shi da katanga sai sunansa.

Jiya manajan kamfanin ya zo gaisuwa, har da share ido. Na yi shiru, albarkacinka. Da zan tafi matarka ta ba ni ambulan. Kalandar Inna ce, ka naɗe ta a leda, ka rubuta a kai: "A ba Ashana. Kada ta yi faɗa da alƙali."

Ranar Litinin zan je kotu, zan zauna a bayan kujerarka, ba zan ce uffan ba. Ko an ba ni gaskiya ko an hana ni, fiffiken nan ba zan taɓa shi ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Matarka, 'ya'yanka da abokan aikinka, Allah ya ba su haƙurin rashinka. Amin.